Yadda Ake Haɗa Gasar Ƙwallon Gem a Unguwa a Tashi Lafiya

Duk mai gidan gem a Gombe sai wata rana yara sun tare shi da cewa, "Hamma, a haɗa mana kofi mana." Ina da ɗan shago a Pantami, injin gem na PS4 guda biyu da talabijin biyu, kuma lokacin hutu nakan haɗa musu. Wannan rubutun na wanda zai haɗa a karon farko ne, ko mai shago ne ko kuwa saurayin da abokai suka ɗora wa nauyin abin. Yawancin gasar da na ga ta watse, tun kafin a take wasan farko ta riga ta lalace. Ba a faɗi doka ba, ba a san inda kuɗi zai tafi ba, manyan unguwa ba su da labari. Tun ran gini ran zane, don haka mafi yawan abin da zan faɗa aikin kafin ranar ne.

Ka fara da manya. Ka je wajen mai unguwa da ƙafarka, ka gaishe shi, ka ce, "Ranka ya daɗe, yaran unguwa za su yi gasar ƙwallo ta talabijin a shagona, daga bayan La'asar zuwa kiran Magariba, za a ɗan ji ihu." Ka gaya wa limamin masallacin da ke kusa, ka gaya wa maƙwabcin da katangarsa ke jikin taka. A garin nan, da zarar an ga samari talatin sun cika bakin shago suna hayaniya, tunanin mutane yakan tafi ga 'yan Kalare, 'yan daban Gombe, kuma ba za ka ga laifinsu ba, sun ga abin da suka gani. Idan mai unguwa ya riga ya ji daga bakinka, duk wanda ya kai masa ƙara zai tarar da amsa tana jiransa.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan nake so ka fi natsuwa. Abin da samari suka saba shi ne kowa ya zuba naira dubu ɗaya, a tara, wanda ya ci kofi ya kwashe. Malamai da yawa suna kallon wannan a matsayin caca, domin kowa ya sa kuɗinsa ne yana fatan ya tafi da na sauran, kuma ni ma haka nake ganinsa. Ko ka ajiye hukuncin addini gefe, ka kalli abin da yake yi wa yara. Wanda aka cire ba ƙwallo kaɗai aka ci shi ba, kuɗinsa ne ya koma aljihun abokinsa yana kallo. Daga nan ake fara cewa hannun gem ɗin nan ba shi da kyau, an yi maguɗi a ƙuri'a, mai shago yana da ɗan gata.

Yadda nake yi shi ne in raba kuɗin gida biyu da ba sa haɗuwa. Kuɗin rajista kuɗin aiki ne kawai: man janareta, ruwan leda, gyaran hannun gem, da lokacin da injina suka ɗauka. Nakan ƙiyasta shi daidai da abin da yaro zai biya in ya zo ya buga wasa uku a ranar da ba gasa, tunda wasa uku zai buga a rukuni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai shi ke cinye kaso mafi girma, kuma babu kunya ka faɗi haka a fili. Kyauta kuwa daga waje take zuwa, daga wanda ba ya cikin masu bugawa. Mai shagon waya na kan layi zai iya ba da fawa bank, tela ya ba da riga, wani yayan unguwa da ke aiki a Abuja ya turo kuɗin ƙaramin kofi. Ka ambaci sunansu ranar rufewa, shi ke nan sun ji daɗi. Na fi son kyautar ta zama kaya, ba tsabar kuɗi ba. Kuma ka guji ɗan siyasa ko da ya fi kowa sakin hannu, domin zai zo da fosta da yaransa, gasar ta tashi daga ta unguwa ta koma ta jam'iyya.

Akwai caca ta biyu da ba a rubutawa, ta 'yan kallo. Za ka ji wani daga baya yana cewa, "Ɗari biyar a kan mai Madrid." Ka kashe ta a karon farko da ka ji, da murya, kowa na ji. Wanda ya maimaita ya fita. Faɗan da ya fi muni a gidan gem daga masu kuɗi a gefe yake tashi, su ne ke zugawa, su ne ke taɓa kafaɗar mai buga fanareti.

Yanzu lissafi. Mutum 16 ya isa a karon farko. In sili-ɗaya-ƙwale za ka yi, wasa 15 ne, amma rabin yaran za su koma gida bayan wasa ɗaya tak, kuma ba za su ji sun ci moriyar rajistarsu ba. Gara rukuni huɗu, kowanne mutum huɗu. Kowane rukuni wasa 6, ya zama 24. Biyu-biyu su fito, mutum takwas, su buga wasa 4, sai 2, sai na ƙarshe, jimla 31. In ka sa tsawon wasa a minti 10, da zaɓen tawaga da canjin 'yan wasa da ɗan gardama, kowanne ba zai gaza minti 15 ba. Minti 465 ke nan, kusan awa takwas a inji ɗaya, kusan huɗu a inji biyu. Tsakanin La'asar da Magariba kuwa awa biyu ne da 'yan kai. Saboda haka yamma uku kake bukata: biyu na rukuni, ɗaya na sauran. Wanda ya ce zai gama a yini ɗaya zai kai dare, ya ci sallar yara, ya tara iyaye a bakin ƙofa.

Wajen zaɓen rana ka dubi makaranta kafin komai. Dogon hutu ko kwanakin bayan Sallah sun fi. Kada ka sa lokacin JAMB ko WAEC ko NECO, ko da yaran sun roƙe ka. Alhamis da Juma'a hutun makarantun allo ne da Islamiyyu da dama, yara suna da sarari, safiyar Lahadi kuma abokanmu Kirista suna coci, kuma a Gombe da wuya ka tara samari goma sha shida babu su. Yammacin Asabar na Firimiyar Ingila ne, gidan kallo zai kwashe maka mutane. Haka ranar da Gombe United ke wasa a filin Pantami.

Wace ƙwallo za a buga? Ka yanke tun farko, ka rubuta. Yaran nan gida biyu ne. Akwai 'yan PES na kamfanin Konami na Japan, wanda aka canza wa suna zuwa eFootball a 2021, shi ya sa har yanzu shaguna da yawa suke riƙe da PES 2021. Akwai 'yan FIFA na kamfanin EA, wanda ya rabu da sunan bayan FIFA 23 ya koma FC. Bambancin ba a suna ya tsaya ba. A tsarin da PES ke zuwa da shi, maɓalli mai murabba'i shi ne na buga wa raga, mai da'ira kuma na ɗaga ƙwallo. A FIFA akasin haka ne. Ka kalli ɗan FIFA da aka zaunar a PES ba a canza masa ba: ya yanke mai tsaron baya, ya rage shi da gola, babban yatsansa ya tafi kan da'ira da kansa, ƙwallo ta tashi sama ta fita. Zai miƙe tsaye yana rantsuwa an cuce shi. Don haka ka ba kowa minti ɗaya kafin wasa ya gyara maɓallansa ya gwada, kuma da zarar an take, maganar ta mutu.

Tawaga ma sai an yi doka. In ka bar kowa ya zaɓa, rabin masu rajista Real Madrid za su ce, sauran Manchester City ko Faransa. Hanya mafi sauƙi ita ce a yarda mutum biyu su ɗauki tawaga ɗaya, a bambanta riga. Wadda na fi so ita ce a rubuta sunayen ƙungiyoyi goma sha shida masu ƙarfi kusan ɗaya, kowa ya ɗauka a ƙuri'a ya riƙe har ƙarshe. A haka ake gane wanda ya iya da wanda gudun Mbappé ke ɗauke da shi. Kulob da kulob, ko ƙasa da ƙasa, kada a gauraya. Ka kuma tabbata ba wanda ya shiga ya ƙara wa wani ɗan wasa ƙarfi a ɓoye, domin akwai masu wannan halin.

Kayan aiki ba sa son dogon bayani, amma suna son a duba su kwana ɗaya kafin ranar. Hannun gem, wanda yara ke kira fad, shi ne abin zargi na farko. Ka ajiye shi a ƙasa ba ka taɓa ba, ka kalli talabijin. In ɗan wasa yana tafiya da kansa, sandar da ake juya ɗan wasa da ita ta lalace, ka cire shi daga gasa. Ka yi cajin duka, ka ajiye waya mai tsawo a gefe, ka tanadi guda ɗaya na ko-ta-kwana. Wanda ya zo da nasa daga gida a bar shi. In kana so ka rufe bakin kowa, a musanya fad bayan hutun rabin lokaci.

Zafin Maris da Afrilu a Gombe yana kaiwa digiri 40, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar inji har ka ji yana gurnani. Ka fito da shi daga cikin akwati, ka ɗaga shi kaɗan daga kan tebur, ka sa fanka ta riƙa bugunsa. In ya daɗe ba a buɗe ba, ka kai wa mai gyara ya share kafin gasa.

Wuta kuwa, kada ka dogara da wadda za a iya ɗaukewa ana tsakiyar wasa. Ka tashi a kan janareta ko batirin sola daga farko har ƙarshe, ko an kawo wuta kada ka juya sai an tashi. PS4 ɗaya da talabijin ɗinsa ba su cika wuce wat 250 ba, sai ka haɗa da fankoki ka ga ko janaretanka zai ɗauka. Yanke wa PS4 wuta kwatsam yana iya lalata abin da ke ajiye a cikinsa. Janareta a waje yake zama, nesa da ƙofa da taga. Hayaƙinsa yana kisa, kuma ɗakin cike yake da 'ya'yan mutane. Duk da haka ka rubuta dokar ɗaukewar wuta: alƙali ya rubuta ci nawa ne da minti nawa, in an dawo a buga abin da ya rage, a haɗa da cin farko.

Ƙuri'a a bainar jama'a ake yin ta. Ka rubuta sunaye a 'yan takardu, ka nannaɗe, ka zuba a hula, ka kira ƙaramin yaro da ba ya cikin gasa ya riƙa ɗaukowa. Wani ya ɗauki bidiyo daga farko har ƙarshe ba yankewa, a tura guruf ɗin WhatsApp na gasar.

Guruf ɗin WhatsApp shi ne ofishin gasar, kuma shi ne wurin da aka fi ɓata ta. Ka buɗe sabo, kada ka yi amfani da na hira. Ka saita shi yadda admin kaɗai ke iya turawa, ka sa mutum biyu da ba sa bugawa su riƙe. Abin da ke shiga ciki shi ne dokoki, jadawali, sakamako da teburin maki, sai hoton takardar kuɗi. Dokokin ka rubuta su, ka kuma karanta su da murya ka tura, domin akwai waɗanda saƙon murya ya fi shigar su. Tsokana tana da wurinta, a bar musu tsohon guruf su yi, amma ka sa ido. Yaro zai jure a ci shi biyar a gaban mutum ashirin, ya yi dariya ya wuce. Abin da ba zai jure ba shi ne a ɗauki hoton fuskarsa a lokacin, a mai da shi sitika, ya kwana yana yawo a wayoyin 'yan ajinsu har da 'yan mata. Na ga abota ta mutu a kan wannan. Tsokanar ƙwallo ta tsaya a ƙwallo. Ba zagin iyaye, ba taɓa ƙabila ko addini, ba hoton kowa sai da yardarsa. Wanda ya karya a cire masa maki, domin maki ya fi zafi a wurinsu fiye da faɗa.

Dokokin cikin wasa kaɗan ne. Ba a tsayar da wasa sai ƙwallo ta fita, kuma sau uku kawai ga kowa. Wanda ya tsayar ana tsakiyar hari, a ba abokin karawarsa ƙwallo, in ya sake a ba shi ci ɗaya. Wanda ya yi latti minti goma an ci shi uku da nema. Nasara maki uku, canjaras ɗaya. In maki ya zo ɗaya a duba bambancin ƙwallaye, sai yawan waɗanda aka ci, sai sakamakon karawar su biyun. Daga zagayen mutum takwas, ƙarin lokaci da fanareti, kuma lokacin fanareti kowa ya rufe hannunsa da riga ko hula, domin idon abokin karawa yana kan yatsunka. Wanda ya jefar da fad ya biya, ya kuma fita.

Wasa biyu na ƙarshe a kowane rukuni a buga su lokaci guda a inji biyun. Dalilin tsoho ne. A gasar cin kofin duniya ta 1982 a Sifaniya, Jamus ta Yamma da Ostiriya sun shiga fili sun riga sun san cewa in Jamus ta ci ɗaya da nema dukansu za su wuce, Aljeriya ta fita. Aka ci ɗayan da wuri, sauran lokacin suka yi ta gara ƙwallo. Daga nan aka koma buga wasannin ƙarshe na rukuni a lokaci ɗaya. Yaran unguwarku ma sun iya wannan lissafin, musamman in wa da ƙane suka faɗa rukuni ɗaya.

Alƙali ya zama wanda ba ya bugawa, ba shi da ƙane a ciki, kuma ana jin nauyinsa. Ba sai ya iya gem ba. Kai mai shago kada ka shiga gasar, ko ka fi kowa iyawa. Kuma da an kira salla a tsayar, ko fainal ce, ko minti na tamanin da tara ne. In ka faɗa tun farko ba wanda zai yi musu.

Wasu za su ce a yi ta waya kawai, kowa daga gida, tunda eFootball kyauta ake sauke shi. Ana yi, kuma tana da daɗi ga waɗanda suka watsu makarantu, wani a Kashere, wani a Bauchi, wani a Maiduguri. Ɗaya ya buɗe ɗakin wasa ya tura wa ɗayan lambar, su buga, wanda ya ci ya turo hoton sakamako. Matsalolinta biyu ne. Na farko netwok: sai an rubuta abin da za a yi in ya yanke, in ba haka ba duk wanda ake ci zai kashe datarsa ya ce ba laifinsa ba ne. Ni dokata ita ce kowa ya ɗauki hoton fuskar waya da zarar an ci ƙwallo, in ya yanke a ƙarasa sauran mintunan a kan wannan cin. Na biyu, wanda ya sayi 'yan wasa da kuɗi zai zo da tawagar da ɗan talaka ba zai iya taɓawa ba. A sa iyakar ƙarfin tawaga, lambar tana nan a rubuce a gaban kowa, a turo hotonta kafin a take.

Maganar ƙananan yara ba ta wasa ba ce. Wanda bai kai shekara goma sha biyar ba, sai na ji daga bakin mahaifinsa ko yayansa kafin in rubuta sunansa. Ranar gasa ba a kunna GTA ko Mortal Kombat a gefe, an rubuta 18 a jikin kwalinsu, ɗakin kuma cike yake da 'yan firamare. Ina kuma buɗe rajista mako ɗaya kacal kafin a fara. In ka sanar wata guda kafin lokaci, akwai yaron da zai kwana yana atisaye ya bar karatu, ya bar aiken gida, ya fara taɓa kuɗin cefane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan kamuwa da gem cikin jerin cututtuka a 2019, kuma alamar da ta bayar kowane mai shago ya san ta: mutum ya kasa tsayawa, ya fifita gem a kan komai, ya ci gaba ko yana ganin ɓarnar. In wata uwa ta aiko ta ce kada ɗanta ya shiga, ka mayar masa da kuɗinsa, ka aika mata cewa, "Hajiya, an ji, ba zai buga ba." Kuma kada ya buga.

Ranar fainal ka gayyaci wanda ya ba da kyauta ya miƙa da hannunsa, ka ba na biyu wani abu ko da ƙarami ne, da wanda ya fi cin ƙwallaye. A daren ka tura lissafin kuɗi a guruf: abin da ya shigo, abin da mai ya ci, abin da aka kashe a ruwa da gyara. In akwai saura ka faɗi inda za ta, ko sabon fad ne ko man gasa ta gaba. Washegari ka koma wurin mai unguwa da maƙwabci ka yi musu godiya, ka tambaya ko akwai abin da ya dame su, ka rubuta shi a takardar dokoki. Guruf ɗin ka rufe shi bayan kwana biyu, in lokacin wata gasar ya zo ka buɗe sabo.